Basiratu Mai Shoka da Jar Golf

Duk wanda ya shiga Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, ta layin masu kayan ƙasan mota ya tambayi shagon Basiratu, ba zai sha wahala ba. Wani zai ce masa Sista Basira, wani ya ce 'yar Masa Sule, amma wuri ɗaya za su nuna masa: wata kwantena mai shuɗin fenti da ya fara ɓarewa, an rataye sifirin baƙaƙe da jajaye a bakin ƙofa, shoka kuma a jere a kan katako, kowace an rubuta mata da alli sunan motar da za ta shiga. A nan Basiratu take wuni, daga sanda ta sauke yaranta biyu a makaranta har la'asar sakaliya. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, shekarunta talatin da shida, mayafinta kullum a ɗaure ta baya don kada ya taɓa baƙin mai. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma a layin da guduma da injin walda ba sa hutawa, mutane sun koyi matsowa kusa su ji abin da za ta ce.

A Zango aka haife ta, a babban gidan da kakan babanta ya gina da fataucin goro. Babanta, Sulemana, shi ne na farko a gidan da ya bar kasuwanci ya shiga ƙarƙashin mota. Ya yi shekara bakwai yana koyo a wurin wani Ba'asante, ya samu 'yanci, ya buɗe garejinsa, aka fara ce masa Masa Sule kamar yadda ake kiran kowane uban gareji a Kumasi. Abin da ya yi suna a kai shi ne ɗaga mota. Motocin da ake kawowa daga Turai an yi su ne don tituna sumul, da sun iso sai ramukan damina da tudun rage gudu su fara cin cikinsu. Masa Sule kan sa musu roba mai kauri a saman sifirin, motar ta ƙara tsawo, ta wuce rami ba ta gogi ƙasa ba. 'Yan tasi daga Tafo har Bantama sun san shi da wannan.

Basiratu tana 'yar shekara tara ta fara kai masa abincin rana. Maimakon ta ajiye kwano ta koma gida kamar yadda uwarta Hajiya Safura ta umarta, sai ta tsaya kallo. Wata rana ya kama hannuwanta ya ɗora a kan goshin wata tasi, ya ce ta danna da duk ƙarfinta ta saki. Motar ta yi ƙasa ta yi sama, ta sake, ta sake.

"Sau nawa ta yi rawa?" ya tambaye ta.

"Uku, Baba."

"To shokar ta mutu. Mai rai sau ɗaya take tashi ta tsaya."

Tun daga ranar ba ta wuce motar da ke tsaye ba ta ji hannunta yana ƙaiƙayi ba. Da ta gama sakandare ta ce ita fita za ta zama, wato makanike. Hajiya Safura ta ce ba za a yi haka tana raye ba. Aka yi wata guda ana ja, daga ƙarshe aka tsaya a tsakiya: ba za ta kwanta ƙarƙashin mota ba, amma za a buɗe mata shagon kaya kusa da garejin babanta. Ta yi aure da Nurudeen, malamin lissafi a wata makaranta a Dichemso, mutum mai sanyin hali wanda har yau bai iya tuƙi ba kuma bai damu ba. Shekara biyar da suka wuce hawan jini ya kada Masa Sule, ɓarinsa na hagu ya shanye, maganarsa ta yi nauyi. Garejin ya koma hannun Rashid, babban almajirinsa a sana'a, wanda shi ma yanzu Masa ne da nasa mutanen. Tsohon kuwa ya koma zaman kujera a ƙofar gida a Zango, yana kallon motoci suna wucewa yana gane ciwon kowace daga ƙararta.

Jar Golf ɗin ta wani boga ce, irin mutanen nan da suka daɗe a Jamus suke zuwa gida ƙarshen shekara. Ƙarama ce mai ƙofa uku da gajeren baya, irin wadda ake ce wa GTI, an yi ta don gudu da shan kwana. Da ya kawo ta, Masa Sule da kansa ya ɗaga masa ita. Ya hau ta hutu biyu, ya koma, bai sake dawowa ba. Ta yi shekaru a ƙarƙashin mangwaro a Dichemso, a hanyar da Basiratu take bi kullum, ganye ya cika mata rufi, ɓeraye suka cinye wayoyinta. Basiratu ta yi ta bin 'yan'uwan mutumin har suka gaji suka sayar mata. Shekara biyu tana tada ta kaɗan-kaɗan, yau waya, gobe famfon mai, jibi fenti. Ranar da injin ya tashi, sai da ta shiga bayan kwantena ta share hawaye don kada makanikai su gani.

Fitarsu ta farko mai nisa, tafkin Bosomtwi suka je da Nurudeen da yara. Daga Kuntanase hanyar takan gangara zuwa ruwa da kwanoni masu kaifi, a nan ne motar ta nuna abin da ke damunta. Duk kwanar da Basiratu ta sha, sai jikin motar ya kwanta gefe kamar kwalekwale, sitiyari ya yi mata sakwaf a hannu. Nurudeen ya riƙe mariƙin ƙofa da hannu biyu yana hasbunallahu. Ƙaramin yaron ya yi amai. Da suka isa bakin ruwa, ta ja da baya ta kalli motar daga nesa. Tsakanin taya da jiki akwai fili har hannu zai shige a buɗe. Ta ga kamar an ɗora 'yar tsere a kan dogayen takalma. A ranta ta ce sai ta saukar da ita.

Ba ta faɗa wa babanta ba. Ta yaya za ta ce wa mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaga motoci za ta warware aikin hannunsa? Rashid ta samu.

"Sista, wannan ai ba aiki ba ne," in ji shi. "In cire robar Masa, in ɗauko injin yanka in cire zobe ɗaya da rabi daga kowane sifirin. Kafin azahar motarki ta zauna."

"Sifirin nake sayarwa, Rashid. Na san abin da yankakke yake yi. Ba a motar da nake ɗaukar yarana ba."

"Yoo. To sai koyiloba."

Koyiloba shoka ce da sifirin a haɗe, da zare a jikinta kamar na noti, ana murɗa wani zobe motar ta yi sama ko ƙasa yadda mai ita yake so. Basiratu ta sha ganin su a waya, a bidiyon samarin Turai da motocinsu masu shafar ƙasa. A makon nan kuwa wani dillali ya shigo layin da kwali guda. Da ya buɗe, ido ya ɗauke: zinariya da shuɗi, suna walƙiya kamar kayan lefe. Babu sunan kamfani a kwalin, babu lamba, babu takardar da ta faɗi nauyin da za su ɗauka, hoton motar tsere kawai aka manna. Da wani ne ya zo saye a shagonta, da ta ce masa ya ajiye su ya yi tafiyarsa. Amma ta juya su a hannu, ta hango su a ƙarƙashin jar motarta, sai ta ji duk iliminta ya yi shiru. Ta saya.

Ranar da aka ɗaura su, rabin layin ya taru. Rashid yana murɗa zoben, motar tana sauka, makanikai suna ihu: "Ƙara! Ƙara, Masa! Ei, Sista Basira!" Ita ma daɗin abin ya kwashe ta. Ba ta ce a tsaya ba sai da zaren ya ƙare, taya ta shige cikin jiki, bamba ta kusa sumbatar ƙasa. Aka yi ta ɗaukar hoto. A hanyar gida haƙoranta suka yi ta haɗuwa, ko tsakuwa ta taka sai ta ji ta a ƙashin baya. Ta ce wa kanta za ta saba.

Kwana huɗu bayan haka aka yi sunan ɗan ƙaninta a gidansu na Zango. A Dichemso aka dafa wake da shinkafa saboda tsakar gidan Basiratu ta fi fili, Hajiya Safura ta zo tun da asuba ta tsaya a kan tukwanen. Da hantsi aka loda manyan kuloli biyu a but, da bokitin miya, Hajiya ta zauna a gaba tana mitar cewa wannan mota sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga. Suka taho a hankali, Basiratu tana karkata mota a kan kowane tudu, masu tirotiro, ƙananan bas na haya, suna danna mata oda a baya.

A bakin lungunsu akwai wani tudu da mutanen unguwa suka zuba da siminti da kansu saboda masu babur, gajere ne amma mai tsini. Ta hau shi sau dubu a da. Tayoyin gaba suka haye, suka sauka, sai aka ji ƙara kamar an fasa tulu. Jar fitila ta kama a gabanta. Nan take ta kashe inji, wannan kaɗai ne abin da ta yi daidai a makon. Da ta fito, baƙin mai yana malala daga ƙarƙashin motar yana bin kwata. Kaskon man inji ya tsage.

An kafa rumfa, an jera kujeru, malamai sun gama addu'a ana raba goro. Kowa ya juyo. Mata suka zo suka sauke kuloli a ka, samari suka tura motar gefe, wata gwaggo ta ce da ma motar mata ba ta wuce ta kai yara makaranta. A ƙofar gida, a kan kujerarsa, Masa Sule yana zaune da sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Ya kalli motar, ya kalli man, ya kalli 'yarsa. Basiratu ta wuni tana zuba wa baƙi abinci.

Washegari da safe ta je gaishe shi, ta durƙusa, ta shirya jin faɗa. Ya daɗe yana tattara kalmomin, don tun ciwon sai ya yi da gaske suke fita.

"Kin kashe inji da wuri?"

"Na kashe, Baba."

"Madalla. Inji ya tsira. Wa ya auna miki?"

"Auna me?"

"Hanya. Kin saukar da mota ba ki auna hanya ba?"

Ta sunkuyar da kai. Ya ce ta samo katako miƙaƙƙe, da alli, ta kira mai pragya, keken nan mai ƙafa uku, ta ce masa wuni za a yi. Hajiya Safura ta fito tana cewa likita ya hana shi wahala. Ya ce likita bai hana shi zama a keke ba. Rabonsa da fita unguwa in ba asibiti ba, an fi shekara.

Suka bi duk hanyar da Basiratu take bi a mako: daga ƙofar gidanta a Dichemso zuwa makarantar yara, zuwa Magazin, zuwa Zango, zuwa kasuwa. Duk tudun da suka tarar sai mai keke ya tsaya, ta sauka ta ɗora katakon a ƙoƙon tudun, ta tsayar da sandar babanta a gefe, ta ja layi da alli daidai inda katakon ya taɓa. Masu wucewa suna kallonsu, wani ya tambaya ko daga ofishin hanyoyi aka turo su. Kafin la'asar sandar ta cika da layuka. Wanda ya fi kowanne tsawo shi ne na bakin lungunsu.

Suka tsaya a gindin wata bishiya suka sayi kwakwa. A nan ya ba ta labarin da ba ta taɓa ji ba. Ya ce yana saurayi, sabon samun 'yanci, ya taɓa mallakar wata tsohuwar Datsun, shi ma ya so ta zauna ƙasa kamar na cikin mujallu. Ya yanke sifirin da hannunsa. Amininsa Wahab ya ari motar zai je Mampong, a kan hawan dutsen nan taya ta faɗa rami, yankakken sifirin ya fice daga mazauninsa, motar ta bar hanya. Wahab bai mutu ba, amma da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa, kuma bai taɓa buɗe baki ya zarge shi ba.

"Daga nan na koma ɗagawa," in ji Masa Sule. "Na san ɗagaggiyar mota tana kwanciya a kwana. Na sani sarai. Amma ɗan tasi ba kwana yake sha ba, rami yake shiga. Taki daban ce. Ranar da na ɗaga ta sai da na ji ba daɗi."

"Na ɗauka za ka ji haushi in na cire aikinka, Baba."

Ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi. "Roba ce fa, Basira. Cire ta. Amma a yi da hankali."

Da yamma aka baje lissafi a tsakar gida. Nurudeen ya ɗauko rularsa ta aji da bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, ya mai da layukan alli santimita. Tsohon ya ce a ɗauki tudun da ya fi tsawo, a ƙara yatsu biyu saboda kaya da fasinja, a ƙara wasu biyu saboda dukan da mota take yi in ta sauko daga tudu. Abin da ya fito shi ne iyakar da cikin motar zai iya kusantar ƙasa. Da aka cire wannan daga tsayin da kamfani ya yi ta da shi, sai ga abin da ya rage: santimita uku. Yatsu biyu ke nan na hannun Masa Sule.

"Shi ke nan?" in ji Basiratu. "Duk wannan wahala a kan yatsu biyu?"

"Ki haɗa da robar da za a cire," in ji Nurudeen yana nuna mata takardar. "Daga inda take a da, kusan yatsu biyar za ta sauka. Ni dai in ba zan sake karanta hasbunallahu a hanyar tafki ba, na yarda."

Saura zaɓen kaya, a nan ne aka ɗauki mako uku. Basiratu ta fara tunanin sayen koyiloba ta kirki, mai suna da takarda. Babanta bai ce ba ta da kyau ba. Ya tambaye ta kawai sau nawa za ta riƙa murɗa ta a shekara, kuma in jar lakar damina ta shiga zaren ta bushe, wa zai kwance. Ta yi tunani ta ga gaskiya tsayi ɗaya take buƙata, ba goma ba. Sai ta koma kan gajerun sifirin da aka ƙera musamman don saukar da irin motarta. Rashid ya ce a ɗora su a kan shokar asali a huta. Wannan karon ita ta ba da amsa kafin tsohon ya buɗe baki: shokar asali doguwa ce, in aka danne ta da gajeren sifirin kullum a ƙarshen tafiyarta za ta riƙa aiki, damina ɗaya ta ishe ta ta mutu. Dole a samo gajerun shoka da aka yi su don su tafi tare da sifirin ɗin.

Suka shiga neman homyus, kayan da aka ciro daga motocin Turai. Kullum da safe mai pragya yakan ɗauko Masa Sule daga Zango, Basiratu ta riƙe masa hannu suna bi shago-shago. Tsofaffin abokan sana'arsa suna fitowa da ihu, ana kawo masa benci, ana tuna da. A shago na shida, wurin wata dattijuwa Maame Serwaa, suka samu saiti guda. Basiratu ta goge sifirin da tsumma ta karanta lambar da ke jiki, ta bincika a waya har ta tabbatar na irin injinta ne da nauyin gaban motarta, don akwai masu kama da su da aka yi wa mota mai sauƙin kai. Ta bi kowane zobe da farce tana neman tsatsa ko tsaga, ta jera su a kan siminti ta ga tsayinsu ɗaya. Suka yi daidai. Shokar kuwa, ta kafa kowace a ƙasa ta riƙe, tsohon ya danna da hannunsa mai lafiya yana lumshe ido. Uku suka dawo a hankali yadda ake so. Ta huɗu ta yi tsalle ta dawo da sauri, kuma akwai danshin mai a wuyanta.

Maame Serwaa ta ce ta ɗauki ukun, za a nemo mata ɗaya. Basiratu ta ce a'a, medase, wato ta gode, sifirin kawai za ta ɗauka. Shoka sababbi ta yi odarsu daga Accra, huɗu 'yan gida ɗaya, aka sako su a motar haya. Ta haɗa da sababbin robobin sama da gajerun robobin da ke tare shoka in ta kai ƙarshe. Bawah mai walda ya yanka farantin ƙarfe ya ɗaura a ƙarƙashin sabon kaskon mai. Da ya tambaye ta me za ta yi da masu walƙiyar nan, ko a nemo mata mai saye, ta ce abin da ba za ta sa wa motarta ba, ba za ta sayar wa ɗan wani ba. Bawah ya ɗauke su ya yi wa bencin ƙofar shagonta ƙafafu da su.

Ranar ɗaurawa babu taro, babu hoto. Rashid yana aiki, Masa Sule yana zaune yana nuna noti da sanda, yana cewa kada a ƙarasa ɗaure na ƙasa sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta. Aka kai ta aka saita tayoyi, bayan mako biyu da sifirin suka zauna aka sake kai ta. Ta haye tudun bakin lungu da Hajiya Safura a gaba da buhun shinkafa a but, ba a ji ko ƙis ba. Hajiya ta ce har yanzu dai sai an durƙusa.

Wata Lahadi da safe Basiratu ta zo ta ɗauki babanta su biyu kawai. Ta ɗaura masa bel, ta sa sandarsa a baya, suka kama hanyar tafki. Har Kuntanase yana sauraron ƙasan motar kamar yadda likita yake sauraron ƙirji. Da suka fara gangara, ta shiga kwanar farko a hankali. Motar ta bi sitiyari kamar ta san inda za a je, jikinta bai kwanta ba. Ta shiga ta biyu. Ta saci kallonsa ta ga ya ɗora tafin hannunsa na dama a kan gaban motar, idonsa a kan titi.

"Basira."

"Na'am, Baba."

"Ƙara mata mai kaɗan."

Ta ƙara. A bakin ruwa suka ci soyayyen kifi, ya cinye nasa tas har ya karɓi rabin nata.

Labari ya bazu a Magazin, daga nan ya fita waje. Samari masu ƙananan motoci suka fara zuwa, wasu daga jami'a, wasu 'ya'yan 'yan kasuwa, kowa da hoto a waya yana cewa haka yake so tasa ta zauna. Basiratu ta ware ɓangare guda a kwantenar don wannan kaya. Masa Sule kuwa ya koma zuwa shago Talata da Alhamis, likitansa ma ya ce maganarsa ta fara sakewa. Duk wanda ya zo, kafin a taɓa kwali sai ta tambaye shi unguwarsu, da inda yake aiki, da mutum nawa yake ɗauka. Wasu su ji haushi su tafi wurin masu yanka. Da yawa sukan tsaya.

A cikin waɗanda suka tsaya akwai Aziza, wata ma'aikaciyar jinya mai farar mota ƙarama, wadda ta yi shekara tana tara burin saukar da ita. Basiratu ta bi ta har gidansu a bayan gari, ta ga hanyar jar ƙasa ce da zaizayar ruwa ta tsaga gida biyu. Ta ce mata gaskiya: motarta ba ta da ko yatsa ɗaya na bayarwa. Ta ba ta shawarar ta sa tayoyi masu kyau da shoka masu rai, za ta ji bambanci a kwana, sauran kuma ta jira. Aziza ta tafi ranta a ɓace, ko sallama ba ta yi da kyau ba. Basiratu ta ɗauka ba za ta sake ganin ta ba.

Bayan wata biyar, ana tsakiyar ciniki, wayarta ta yi ƙara. Hoto ne daga Aziza: katafila da motar kwalta a ƙofar gidansu, ma'aikata suna zuba tsakuwa. A ƙasa ta rubuta, "Sista, sun ce kafin Sallah za su gama. Ki ajiye mini jajayen." Basiratu ta miƙa wa babanta wayar, ya matso da ita kusa da ido ya daɗe yana kallo. Sannan ta ɗauko tsani ta sauko da gajerun jajayen sifirin guda huɗu daga inda suke rataye, ta ɗaure su da igiya, ta rubuta sunan Aziza a kwali ta tura ƙarƙashin teburi.